Ɗan Harshen da ke Daidaita Wutsiyar Jirgin Sama

Manoman Roni da Gwiwa sun san wahalar shanun huɗa masu karkata gefe guda. Kafin a gama kunya goma, hannun mai riƙe da garma ya gaji. Ƙaramin jirgin sama ma yana da wannan hali, sai dai shi ƙafar matuƙi ce ke shan wahalar.

Akwai jiragen da ake sayen sassansu a cikin akwatuna, mutum ya haɗa da hannunsa. Irinsu ne RV-6A na kamfanin Van's da ke Amurka. Daga shi aka samo Air Beetle, wanda aka haɗa guda 60 a Kaduna don koyar da matuƙan sojan sama. Na farkonsu ya tashi a 1989.

A bayan wutsiyar jirgi akwai faifai mai motsi kamar ƙyauren ɗaki. Matuƙi yana juya shi da fedoji biyu. Ya taka na dama, hancin jirgi ya nufi dama. To, iskar farfela tana murɗawa ne kamar guguwa, ta bugi wutsiya ta gefe ɗaya. A yawancin waɗannan jirage hancin yakan ja hagu. Aikin hannu kuma ba ya rasa 'yar karkata. Sai matuƙi ya yi tafiyar awa biyu yana danne da feda.

Maganin kuwa ɗan falle ne na gorar-ruwa, bai fi tsawon tafin hannu ba, da ake kafawa a bakin faifan na baya. A nan ne mutane ke ruɗewa: in ana son hanci ya koma dama, hagu ake lanƙwasa harshen. Iska ta tura shi, shi kuma ya tura faifan dama.

Masu hankali kan fara manna ɗan katako da tef, su tashi su gwada, suna duban ɗan ƙwallon da ke cikin gilashi a gaban matuƙi. In ya tsaya tsakiya, an dace. Sannan a kafa na dindindin, a riƙa lanƙwasawa kaɗan-kaɗan.

Gyaran na gudu ɗaya ne kawai, wato na tafiyar miƙe. Wajen tashi, dole ƙafa ta yi aikinta. Kuma kada harshen ya yi nauyi ko ya yi sako-sako, domin faifan na iya kama karkarwa a sama har ya ɓalle. Don haka sai injiniya mai lasisi ya duba kafin a tashi.