Ajax

Ajax wata dabara ce ta gina shafukan yanar gizo, wadda ke ba shafi damar aika buƙata zuwa uwar garke, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan shafin, ya kuma karɓi amsa ba tare da an sake loda shi gaba ɗaya ba. Da harshen JavaScript ake rubuta ta. Abin da ya bambanta ta da tsohuwar hanya shi ne shafin ba ya tsayawa jiran amsa. Yana ci gaba da aikinsa, amsar ta iso daga baya. Yawancin kurakuran masu koyo daga nan suke tasowa.

Tarihi

Kamfanin Microsoft ne ya fara sanya wannan fasaha a burauzarsa ta Internet Explorer 5 a shekarar 1999, da sunan XMLHTTP. Daga baya sauran burauzoji suka ɗauke ta da sunan XMLHttpRequest. Ta shahara bayan fitowar Gmail a 2004 da Google Maps a 2005. Wani Ba'amurke, Jesse James Garrett, shi ne ya raɗa mata suna Ajax a watan Fabrairun 2005. A shekarar 2015 Chrome da Firefox suka kawo sabuwar hanya mai sauƙi da ake kira fetch, sannan a 2017 aka ƙara kalmomin async da await a cikin JavaScript. A yau galibin amsoshi a tsarin JSON suke zuwa, ba XML ba.

Yadda take aiki

Misali sananne shi ne fom ɗin rajista da ke tambayar jiha da ƙaramar hukuma. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, don haka shafuka da yawa ba sa loda su duka lokaci guda. Idan mutum ya zaɓi Jigawa, shafin zai aika buƙata, uwar garke ta dawo da ƙananan hukumomin jihar guda 27, ciki har da Birnin Kudu da Gwaram, sai a cika jerin da su.

Kurakuran da aka fi samu

Na farko shi ne amfani da amsa kafin ta iso. Mai koyo yakan rubuta layin cika jerin a ƙasan layin buƙatar kai tsaye, sai jerin ya fito babu komai. Maganin shi ne a sa await, ko a mayar da aikin cikin then.

Na biyu, fetch ba ya ɗaukar lambar 404 ko 500 a matsayin gazawa, tunda dai uwar garke ta amsa. Dole mai rubutu ya duba response.ok da kansa. Idan bai duba ba, yakan yi ƙoƙarin karanta shafin kuskure na HTML a matsayin JSON, sai burauza ta koka cewa ta ci karo da alamar < a inda ba ta zata ba.

Na uku shi ne katangar tsaro ta CORS. Burauza tana hana shafi karanta amsa daga wani adireshi daban, sai in uwar garken can ta ba da izini ta hanyar Access-Control-Allow-Origin. A ɓangaren uwar garke ake wannan gyaran, ba a cikin shafin ba. Haka kuma shafin da ke kan https ba zai iya kiran adireshin http ba.

Na huɗu, maɓallin aika fom yakan sake loda shafin ya katse buƙatar, in ba a kira preventDefault ba.

Matakan bincike

A yawancin burauzojin kwamfuta, danna F12 yana buɗe kayan aikin masu gina shafi. Ana bin tambayoyi uku a jere. Shin buƙatar ta fita? Sashen Network zai nuna; in ba ta bayyana ba, sai a duba saƙon kuskure a sashen Console. Me uwar garke ta dawo da shi? Lamba 200 tana nufin nasara, 403 an hana shiga, 404 adireshin babu shi, 500 kuwa matsalar tana can uwar garke. Me shafin ya yi da amsar? Ana buga ta da console.log a ga ainihin siffarta.

Raunin sadarwa

Shafin da ya yi aiki lafiya a kwamfutar wanda ya gina shi yana iya gazawa a wayar da ke ƙauye mai raunin sabis, domin amsoshi ba lallai su iso bisa tsarin da aka aika su ba. Idan mutum ya zaɓi Kano bisa kuskure, nan take ya sauya zuwa Jigawa, amsar Kano na iya makara ta iso a ƙarshe, sai ɗan Gwaram ya ga ƙananan hukumomin Kano 44 a ƙarƙashin jiharsa. Ana kauce wa haka ta soke tsohuwar buƙata da AbortController, da nuna alamar jira, da ba da damar sake gwadawa. Sashen Network yana da zaɓin rage saurin intanet da gangan, don a gwada shafi a irin wannan yanayi kafin a sake shi ga jama'a.