Tausar Tafin Ƙafa: Abin Lura Kafin a Biya Kuɗi

Tausar tafin ƙafa, wadda ake kira refleksoloji, dabara ce ta danna wasu wurare na ƙafa da yatsu. Wata Ba'amurkiya, Eunice Ingham, ta yaɗa ta a shekarun 1930. Tana rage gajiya, amma bincike bai tabbatar tana warkar da cuta ba.

Kafin ku biya, ku tambayi kuɗin zama ɗaya da yawan zaman da za a yi, domin da kaɗan-kaɗan aljihu yake ƙarewa. Ku nemi ganin takardar shaidar horon mai tausar. Ku guji duk wanda ya ce ku bar maganin likita. Mai ciwon sukari, mai gyambo a ƙafa da mai juna biyu su fara neman shawara a asibiti.