Zana Hanyoyin Ƙasar Arewa a Kan Keke

Doguwar tafiyar keke ta zana hanya aiki ne da mahayi ke bin turba daga gari zuwa gari, wayarsa tana ajiye sawun inda ya taka, shi kuma yana rubuta halin hanyar a littafi, domin mai zuwa bayansa ya san abin da zai tarar. A ƙasar Arewa ta jihar Doso a Nijar, wato gundumomin Dogondutsi da Tibiri, buƙatar wannan aiki a fili take. Babbar kwalta mai lamba 1 ta taso daga Yamai, ta ratsa Doso da Kore Mairuwa, ta iso Dogondutsi bayan kimanin kilomita 270, sannan ta wuce Dankasari ta nufi Birnin Ƙonni. Wanda ya sauka daga kanta ya yi arewa, wajen Matankari da Bagaji da Sukukutane, zai iske yawancin hanyoyin da suka haɗa ƙauye da ƙauye jar ƙasa ce da turbar amalanke da sawun dabbobi. Keke ya dace da auna su, domin ya fi ƙafa sauri, bai kuma kai babur gaggawa ba, kuma duk rairayi ko hawa ko gargada, cinyar mahayi ce ke fara sanin labarinsu.

Abin da ke ɓata aikin tun ba a fara ba shi ne wani tunani da ya yaɗu tsakanin samari masu manyan wayoyi, wai taswirar cikin waya ta riga ta san kowace hanya, saboda haka tsayawa tambayar mutanen gari ƙauyanci ne. Sai a ga yaro ya ɗaure waya a kan keke, ya wuce dattawa a gindin dogonyaro ko sallama babu, idonsa na kan wani shuɗin zare da allo ya shata masa. Ƙarshenta a tsince shi da azahar yana tura keke cikin rairayi, jarka ta bushe, tayoyi biyu duk sun sace. Wannan ganganci ne, kuma a zafin watan Afrilu yana iya cin rai.

Ya kamata a san daga ina zaren nan ya fito. Mafi yawan layukan da ake gani a taswirar karkara an zana su ne daga hoton tauraron ɗan'adam, ko dai na'ura ta bi hoton ta shata, ko wani mutum a zaune gaban kwamfuta a wata ƙasa mai nisa. Taswirar OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya kafa a Ingila a 2004, ta 'yan sa-kai ce, kowa na iya ƙara abin da ya sani a cikinta. Ta yi suna bayan girgizar ƙasar Haiti ta Janairun 2010, lokacin da mutane daga ko'ina a duniya suka zana titunan babban birnin ƙasar cikin 'yan kwanaki don masu kai agaji. A 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF da ƙungiyoyin Red Cross na Amurka da Birtaniya da ƙungiyar HOT ta masu zana taswira don agaji suka buɗe shirin Missing Maps don zana yankunan da taswira ta manta da su. Su kansu masu shirin sun raba aikin hawa-hawa: na nesa ya zana abin da ya hango a hoto, sannan ɗan ƙasa ya bi da ƙafarsa ya tabbatar, ya sa sunaye. To, idan waɗanda suka zana layin ba su ce ya kammala ba, da wane dalili wanda ya sayi waya jiya zai rantse da shi?

Hoto daga sama bai san taurin ƙasa ba. Busasshiyar ƙorama tana fitowa fara fes, mai faɗi, ta fi ainihin hanyar kyan gani, alhali rairayi ne da taya ke nutsewa ciki har wili. Burtalin shanu yana fitowa da siffar titi. Turbar da ta yanka ta tsakiyar gonaki da rani, da zarar an yi shuka ta ɓace a cikin gero, mai gona kuma ba zai yi wa wanda ya tattake masa shuka dariya ba. Hoton kansa yana iya shekara da shekaru da ɗauka, ruwa ya riga ya cinye mashigin da ya nuna. Ƙasar Arewa kuwa ta fi ko'ina saurin tona asirin wannan aibi, saboda yadda Allah ya shimfiɗa ta. Dallol Mawri, tsohon kwarin kogi da ya ratsa yankin daga arewa zuwa kudu, cikinsa rairayi ne mai zurfi, gefensa kuma tuddai ne masu tsakuwa da fako, inda sabara da geza suka fi yawa. Tsakanin tudu da kwari akwai kwazazzabai da ruwan damina ke ƙara haƙawa kowace shekara. A cikin tafiyar sa'a guda mahayi na iya taka fako mai daɗin gudu, ya gangara kan duwatsu, ya faɗa jigawa. A allon waya duk layi ɗaya ne mai launi ɗaya.

Lissafin lokacin da waya ke bayarwa ma haka yake. Tana raba nisa ne da wani saurin da aka ƙiyasta mata. Mahayi mai kaya yana yin kamar kilomita 15 a sa'a a kan kwalta, amma in ya sauka yana turi cikin rairayi da ƙyar ya yi 3. Kilomita 20 da waya ta ce sa'a ɗaya da 'yan mintoci ne, sai su cinye hantsi da azahar gaba ɗaya, ruwan da aka ɗauka kuwa na sa'a ɗaya ne. Matambayi ba ya ɓata, amma tambayar ma tana da yadda ake yin ta. Wanda ya ce, "Baba, garin da nisa?" amsar da zai samu ita ce, "Nan kusa ne, bayan tudun can." Tambaya mai amfani ita ce, "Baba, in amalanke ta tashi bayan sallar asuba, yaushe take isa? Akwai rijiya a tsakani? Da damina ana bi?" Masu amalanke da 'yan kabu-kabu da Fulani makiyaya da matan da ke cin kasuwannin mako su ne suka san hanya da tafin ƙafa, kuma gara a ji bakin mutum biyu.

Abin da waya ta iya da gaske shi ne faɗin inda take. Tana karɓar saƙo daga taurarin GPS da ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,000, in ta samu huɗu a cikinsu sai ta fitar da matsayinta, kuskuren bai cika wuce 'yan mitoci ba a fili. Wannan ba ya buƙatar kati ko layin kira. Ana sauke taswirar Nijar tun a gari ta manhaja irin OsmAnd, a rufe layin waya don batir ya daɗe, a bar ta tana ajiye sawu.

Shiri yana farawa da zaɓen lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ya fi, bayan an kawar da amfanin gona, ƙoramu sun bushe, zafi ya sauka. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka mai tashi daga Dogondutsi zuwa Sukukutane ko Dogonkirya zai sha ta a fuska, sai ya rage zangon zuwa, ya tsawaita na dawowa. Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba lokacin wannan aiki ba ne. Zango kuma da rijiya da wurin kwana ake yanka shi, a kuma daidaita shi da ranakun kasuwa, domin ranar kasuwa hanya tana da mutane, ana samun mai faci da mai cajin waya.

Sai neman izini, kuma nan ne masu garaje suka fi yin kuskure. Arewacin gundumar Dogondutsi ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga a shekarun nan. Baƙon da aka gani yana tsayawa a mararraba yana danna waya yana rubutu, ba mai laifi ba ne wanda ya zarge shi. Kafin a taka feda, a je ofishin magajin gari da na jandarma da katin shaidar ɗan ƙasa, a faɗi hanyar da za a bi da dalili. In sun ce kada a bi wata hanya, magana ta ƙare, ba jarumta ba ce a saɓa. A kowane ƙauye a fara sauka ƙofar maigari, a gaishe shi da "ranka ya daɗe", a nuna masa littafin. Ba a ɗaukar hoton sansanin soja ko shingen jami'an tsaro, ba a sa su a taswira. Ba a tafiyar dare, ba a tafiya mutum ɗaya, ba a kuma shelanta a Facebook inda za a kwana gobe. Wuraren tarihi suna da nasu ladabi. A Lugu, garin Sarauniya Mangu da ta yi arangama da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, akwai wuraren da masu garin ke girmamawa, sai da yardarsu ake kusanta ko ɗaukar hoto.

Keken da ya dace shi ne mai faɗin taya da kariya mai ƙarfi, irin wanda kowane mai gyara a kasuwar ƙauye ya san kayansa. Siririyar tayar tsere ba ta da aiki a nan. A rairayi ana ɗan rage iskar taya don ta shimfiɗu, in an hau tsakuwa a ƙara. Babban abokin gaba ƙaya ce: tsidau da ke kwance a gefen turba, da ƙayar aduwa da ta gawo da ake sarewa a yi shingen gona, ga ƙarangiya mai addabar ƙafa da wando. Saboda haka tub biyu na ajiya, faci da sholisho, famfo, sufana da 'yan sifok ba sa barin jaka. Wanda ya yi faci bai shafa cikin taya da yatsa ya cire ƙayar ba, zai sake kwancewa kafin ya ɓace wa garin da gani. Sarƙa kuma a goge ta kullum, a sa mata mai kaɗan, domin mai da yawa rairayi yake tarawa ya cinye haƙora.

Ruwa shi ne kaya mafi nauyi, kowace lita kilo guda ce, kuma mai tuƙi cikin zafi yana iya zubar da gumin lita guda a sa'a. Kada a bar rijiya ba a cika jarka ba, ko da rabi ta rage. Ruwan tafki sai an tafasa ko an sa masa maganin tsarkakewa. Wanda ya fara jiri da ciwon kai ya nemi inuwa, ya sha ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A tashi bayan asuba, a sauka kafin rana ta take, a sake hawa bayan la'asar.

Rubutun kansa a biro da littafi ake yin sa, saboda batir na mutuwa, waya na faɗuwa. Duk inda ƙasa ta sauya a tsaya, a sa alama a waya, a rubuta lambar alamar da abin da aka gani: fako ne ko rairayi, an hau ko an tura, minti nawa aka ci. A rubuta rijiya da ko tana ƙafewa da rani, da ɗakin shan magani, da makaranta, da inda layin waya ke kamawa, da mashigin da ke yankewa in an yi ruwa. Sunan gari a rubuta shi yadda masu shi ke faɗa, a haɗa da rubutun Faransanci na takardun hukuma, domin mai neman Sukukutane a waya sau da yawa sai ya rubuta Soucoucoutane kafin ya same shi, ga kuma Sabon Gari da Tudun Wada da ke maimaituwa ko'ina. Bayan an dawo gida ne ake ɗora sawun a OpenStreetMap, a gyara layin da ya karkace, a goge wanda ashe ƙorama ce, a sa ranar da aka bi kowace hanya. A buga kwafi a takarda a kai wa ofishin magajin gari da masu garin da aka ratsa, domin direban motar ɗaukar marasa lafiya da ma'aikatan rigakafi su ne za su fara amfani da shi.