Doguwar Tafiya A Kan Babur

Yau za mu yi magana a kan tafiya mai nisa bisa babur. Ba zuwa kasuwar ƙauye muke nufi ba, inda mutum zai fita da hantsi ya komo da la'asar. Muna nufin tafiyar da za a yi mako da makonni ana bisa hanya, a ƙetare iyakar ƙasa, a kwana garin da ba a san kowa ba. Irin wannan tafiya tana da sha'awa, amma ta ci mutane da yawa. Abu biyu ne ke raba wanda ya komo da wanda bai komo ba, watau abokan da ya zaɓa da shirin da ya yi tun yana gida.

Kakanninmu fatake sun san wannan. Sa'ad da suke zuwa Gwanja sayen goro, ba mai kama hanya shi kaɗai. Ayari ake haɗawa. Akwai madugu, shi ne shugaba. Akwai jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da zango. Akwai uban dawaki mai kula da kuɗin fito da ake biya a hanya. Akwai kuma malamin ayari mai rubutu da addu'a. Kowa ya san aikinsa tun ba a ɗaura wa jaki kaya ba. Babur ya fi jaki sauri nesa ba kusa ba, amma tsarin bai sake ba.

Bari mu ba ku labarin waɗansu mata biyu, mutanen Ingila, da suka biyo ta ƙasarmu. Sunan ɗaya Theresa Wallach, ɗayar kuwa Florence Blenkiron. Dukansu gwanaye ne wajen tseren babur. A shekarar 1934 Florence ta yi gudun da ya wuce mil 100 cikin sa'a a filin tsere na Brooklands, ita ce mace ta fari da ta yi haka a wurin. Theresa kuwa ta karanta aikin injiniya, ta san cikin inji kamar yunwar cikinta. Ran 11 ga Disamba 1934 suka tashi daga Landan bisa babur ɗaya ƙirar Panther. An haɗa masa wani akwati mai ƙafa ɗaya a gefe inda ɗayarsu ke zama, yana kuma jan wani ɗan amalanke na kaya a baya. Suka ƙetare teku zuwa Aljeriya, suka shiga hamadar Sahara. Suka bi ta Tamanrasat, suka faɗo Agadas, suka iso Kano. Daga nan suka yi gabas, suka ratsa Kwango da Yuganda da Kenya, har birnin Cape Town a ƙarshen Afirka ta Kudu. Sun isa ran 29 ga Yuli 1935, bayan sun ci mil 13,500.

To, ku ɗauko allo mu yi ɗan lissafi. Daga ranar tashinsu zuwa ranar isarsu kwana 230 ne. In muka raba 13,500 gida 230, ba mu sami ko mil 60 a kowace rana ba. Kun ji fa. Matar da ta iya gudun mil 100 cikin sa'a guda, ga ta ba ta cin mil 60 a yini. Ina sauran lokacin ya tafi? Ya tafi wajen tura babur cikin rairayi, da neman izinin hukuma a kowane zango, da gyara. Injin ya mutu musu a ƙasar Agadas, sai da suka zauna makonni suna jiran kayan gyara, suka kwance shi duka suka sāke haɗawa. Da a ce ba wadda ta iya inji a cikinsu, da nan tafiyar ta ƙare.

Ga wani labarin kuma, na wanda bai yi sa'ar aboki ba. A shekarar 1912 wani saurayi Ba'amurke mai suna Carl Clancy ya ƙudura zai kewaye duniya bisa babur. Ya ɗauki abokinsa Walter Storey, suka fara daga birnin Dublin na ƙasar Ailan. Ashe Storey bai goge da hawan babur ba. Tun ranar farko aka buge nasa a cikin gari. Da suka kai Paris sai ya koma gida. Clancy ya ci gaba, ya gama tafiyarsa ta mil 18,000 a 1913, amma ƙasashe da yawa shi kaɗai ya ratsa su.

Saboda haka abokin hira daban, abokin tafiya daban. Wanda ya fi kowa ba ka dariya a dandali, mai yiwuwa shi ne zai fara ƙunƙuni ran da kuka kwana da yunwa. Ina za a samo na kirki? A fara dubawa kusa. A garejin bakanike za ka ga wanda ke kula da babur ɗinsa da wanda ba ya kawo shi sai ya mutu. A ƙungiyar masu babura za ka ji wanda ya taɓa yin nisa. Direbobin manyan motoci a tasha su ma sun san masu bin hanya. In ka sa ido a kan mutum, kada ka tsaya ga abin da ya faɗa da bakinsa. Tambayi maƙwabcinsa. Tambayi wanda ya taɓa ba shi rance. Mutumin da ba ya biyan bashi a gida, ba zai biya rabonsa na mai a daji ba. A guji mai shaye-shaye, da mai saurin fushi, da mai son a ce ya iya gudu. Na ƙarshen nan mun fi jin tsoronsa, gama shi ne ke jan sauran su bi shi cikin ganganci.

Mutum nawa ya kamata? A ganinmu uku ko huɗu. In ku biyu ne, ɗaya ya faɗi ya karye, to, kana tsaka mai wuya: ka bar shi kwance shi kaɗai ka je neman taimako, ko ka zauna tare da shi ba mai zuwa. In ku uku ne, ɗaya ya tsaya wurinsa, ɗaya ya tafi. In kuka wuce biyar kuwa, tafiya ta zama jira. Wannan yana ɗaure kaya, wancan yana neman ruwa, rana ta take ba a tashi ba. In da hali, baburanku su zama ƙira ɗaya, don filogi ɗaya da sarƙa ɗaya da taya ɗaya su yi wa kowa.

Kafin babbar tafiya a yi ƙarama ta gwaji, ta kwana biyu ko uku, da dukan kayan da za a ɗauka. A kwana waje, a dafa abinci tare. Nan za ku san mai nauyin barci, da mai ɓoye guzurinsa, da wanda ba ya taɓa sifana sai dai ya tsaya yana ba da umurni. In hali bai zo ɗaya ba, a rabu da mutunci tun ana kusa da gida. Wannan ba abin kunya ba ne.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke ɓata zumunci fiye da kome. A zauna gaban wani dattijo a yi sharaɗi, a rubuta, kowa ya riƙe takarda ɗaya. Nawa kowa zai zuba a asusun mai da abinci? Wa zai riƙe asusun, ya riƙa rubuta abin da ya fita kullum da dare? In babur ɗin ɗaya ya mutu murus, za a jira shi kwana nawa? In wani ya kwanta ciwo, wa zai komo da shi? In wani ya ce ya fasa a tsakiyar hanya, me za a mayar masa? Waɗannan tambayoyi ba su da daɗin ji a zaure, amma sun fi muni in aka fara yinsu a bakin iyakar wata ƙasa. Kowa kuma ya ɓoye kuɗin motar komowa gida a jikinsa, kada ya taɓa su ko da me.

Yanzu mu duba hanya. A samo taswira, a shimfiɗa a tabarma, a sa alama a kan kowane gari mai gidan mai da asibiti. Sa'an nan a yi lissafin mai. Misali, daga Kano zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne, daga Damagaram zuwa Agadas kuwa wajen 450. A ce babur ɗinka yana cin kilomita 30 da lita guda, tankinsa kuwa yana ɗaukar lita 12. Watau tanki ɗaya zai kai ka kilomita 360. Damagaram kam za ka isa da saura. Agadas fa? Kana bukatar lita 15, tankinka ya gaza da lita 3. Ba nan lissafin ya tsaya ba, gama kaya masu nauyi da rairayi da iska mai bugun ƙirji duk suna ƙara wa inji shan mai. Don haka a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan abin da lissafi ya bayar. Lita 15 ta zama kusan 19, sai ka ɗauki jarka mai lita 7 ko fi. Kada a dogara ga cewa akwai gidan mai a tsakani. Gidan mai yana iya kasancewa, man ya ƙare.

Ruwa ya fi mai. Mai tafiya cikin zafi yana bukatar lita 5 na sha a yini, ko fiye, ga kuma na ajiya don ranar da aka maƙale. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Yawancinsu mata ne da yara daga kudancin Nijar. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Hamadar da matan nan biyu suka ratsa ba ta yi laushi ba. Bugu da ƙari, yau akwai 'yan bindiga da 'yan fashi a sassa da yawa na hamada da dazuzzukan da ke kudu da ita, akwai kuma wuraren da hukuma takan hana hawan babur saboda tsaro. Taswira ba ta faɗin wannan. Sai a tambayi hukuma, a tambayi direban da ya fito ta hanyar jiya, a kuma sāke tambaya a kowane zango. In aka ce hanya ba kyau, a sake wata ko a dakata. Matambayi ba ya ɓata.

Lokacin tashi shi ne bayan an gama girbi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ƙoramu sun janye, laka ta bushe, zafin bazara bai sauko ba. Ku lura matan nan ma a Disamba suka tashi, don su ratsa hamada da sanyi. Sai dai hunturu yana da nasa: hazo yana rufe hanya, ƙura tana toshe matatar iska ta inji, sanyin asuba kuwa yana kashe yatsu. A tanadi rigar sanyi da safar hannu da tabarau.

Takardu kuma a fara nemansu da wuri, gama ofis ba ya sauri don kai kana sauri. Ana bukatar fasfo, da biza ga ƙasar da ke nema, da lasin tuƙi mai aiki a waje, da takardun babur masu ɗauke da sunan mai shi, da inshora, da katin allurar rigakafin shawara. Kwastan na kowace ƙasa za su so tabbacin ba sayar da babur ɗin ka zo yi ba, su ba ka takardar shiga da shi na ɗan lokaci. Dokokin iyaka suna sākewa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka kada a dogara ga labarin wanda ya bi hanyar shekara biyar da suka wuce. A kuma san hannun da ake tuƙi. Nijeriya ta koma hannun dama a 1972, Gana a 1974, amma Yuganda da Kenya da Afirka ta Kudu hagu suke bi.

Kayan gyara ba sai mun ja magana ba, bakanikenku zai lissafa muku: sifana, filaya, sukurdireba, filogi, wayar birki da ta kuloci, kayan faci, famfon iska, baƙin mai. Abin da muke so mu ƙara shi ne kowa ya koyi cire taya da yin faci da hannunsa tun a gida. Hular kwano kuwa a kai take, ba a bayan sirdi ba. A ɗauki gidan sauro da maganin zazzaɓi da bandeji.

A bisa hanya, wanda ya san hanya ya shige gaba, wanda ya fi kowa rauni wajen tuƙi ya bi masa, mai kayan gyara ya tsaya baya. Kowa ya riƙa duban na bayansa a madubi. In ka daina ganinsa, tsaya. A mararraba ba mai wucewa sai an cika. A tashi bayan sallar asuba, a huta da tsakar rana, a sauka tun la'asar da sauran haske. Tafiyar dare ba ta mai babur ba ce, saboda ramuka da dabbobi da manyan motoci marasa fitila. In aka sauka baƙon gari a fara gai da mai gari. A Gana da Togo a nemi zango, a gai da sarkin zango, za a sami mai jin Hausa da wurin ajiye babur. Kullum da yamma a buga waya gida a faɗi garin da aka kwana da wanda za a nufa gobe, don in an ji shiru a san inda za a fara nema.

Matan nan biyu ba su komo tare ba. Theresa ta bi jirgin ruwa zuwa Ingila. Florence ta kamo hanyar ƙasa ita kaɗai bisa sabon babur, ta ratso Afirka har ta sāke isowa Kano. Amma daga nan ba ta shiga hamada a kan sirdi ba. Sai aka ɗaura babur ɗin a bayan wata babbar mota mai ƙetare Sahara aka ja mata shi, ta isa Landan a 1936.