Ruwa cikin mai yana kashe inji

A Gaya, jiragen ruwa masu inji suna ɗaukar mutane da buhunan hatsi bisa kogin Kwara. In inji ya mutu tsakiyar ruwa, rai da dukiya suna cikin haɗari.

Sau da yawa laifin mai ne. Ruwa ya fi esansi nauyi, sai ya kwanta ƙasan tanki. Inji ya sha shi, ya yi tari, ya tsaya.

Ɗan'uwa, tun kana bakin gaɓa, zuba man cikin farar kwalba. In ruwa ya kwanta ƙasa, cire tiyo, ka kai tanki tudu. Juye shi, ka ɗauraye da esansi mai tsabta, ya bushe. Kada taba ko wuta ta matso kusa.

Masu injin ban-ruwa, ku ma ku yi haka.