GRB2: Ƙaramin Dillalin Cikin Jiki a Alƙaluma

A cikin ƙwayoyin gado kusan 20,000 da ke tsara furotin a jikin ɗan Adam, akwai wadda ake kira GRB2. Furotin ɗin da take samarwa ba ya sarrafa wani sinadari da kansa. Aikinsa irin na dillali ne: ya haɗa mai saƙo da wanda zai zartar da shi. Ga abin da alƙaluma ke faɗa a kansa.

17: Lambar kuromosom ɗin da ƙwayar ke zaune a kai, daga cikin tagwaye 23 da ke cikin tantanin mutum.

1992: Shekarar da masu bincike ƙarƙashin Joseph Schlessinger na Jami'ar New York a Amurka suka bayyana ta.

217: Yawan amino asid da aka jera aka gina furotin ɗin. A ma'aunin furotin, wannan ɗan ƙarami ne.

1 da 2: Nan ne sirrin yake. Furotin ɗin na da sashe ɗaya a tsakiya mai suna SH2, da sassa biyu a gefe da gefe masu suna SH3. Idan saƙon girma ya iso bangon tantani, sai a manna wa mai karɓar saƙon sinadarin fosfet. SH2 ya cafke wurin nan take, SH3 biyu kuma su jawo wani furotin, SOS. Shi SOS ya kunna wani furotin mai suna Ras, Ras kuma ya aika da umarni cewa tantani ya rabu biyu. Ɓerayen gwaji da aka cire wa ƙwayar gaba ɗaya tun suna tayi suke mutuwa.

177: Lambar gurbin amino asid da GRB2 ke kamawa a jikin BCR-ABL, gurɓataccen furotin da ke haddasa wani nau'in sankarar jini bayan kuromosom na 9 da na 22 sun yi musayar gutsure.

15 zuwa 20 cikin 100: Kason sankarar mama da ake samun HER2, wani mai karɓar saƙon girma, ya yi yawa fiye da kima, kuma ta hannun GRB2 saƙonsa ke wucewa.

Ashe GRB2 ba ya tantance saƙo; mai kyau da mugu duk isarwa yake yi. Shi ya sa fahimtar wannan hanya ta zama ginshiƙi wajen neman magungunan da ke tsinke saƙon sankara kafin ya kai inda zai yi ɓarna.