Esin Mota Ma Yana Gumi

Duk mun san yadda gorar zoɓo mai sanyi take yin gumi idan an fito da ita daga firji. Haka esin mota yake yi. A bayan dashbod akwai wani curin siraran bututai masu sanyi ƙarara. Idan iska mai laima ta bi ta kansu sai ta bar raɓa, ruwan ya taru, ya bi wani ɗan tiyo na roba ya ɗiga ƙasa. Saboda haka ruwan da muke gani ƙarƙashin mota alamar lafiya ce.

Matsala tana farawa idan ƙurar hunturu ko taɓon damina suka toshe tiyon. Ruwan sai ya koma ciki ya jiƙa kafet, mota ta ɗauki wari, ƙasanta ya fara tsatsa, wayoyin lantarki ma su iya lalacewa.

Gyaran ba wuya, amma mu yi shi tare da babba. A kashe mota, a ja birkin hannu, a bar inji ya huce. Galibi tiyon yana ƙasa, ta gefen mai zaman banza. A matsa bakinsa da yatsu, sannan a zura lallausar waya a hankali. Kada a tura ta da nisa, domin idan ta huda bututan gas zai tsiyaye, aiki ya koma na bakanike. Kada kuma mu shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga.

Daga nan a kunna esi na minti 10. Idan ruwa ya ɗigo ƙasa, sai a shanya kafet a rana.